Dare Ɗaya A Ƙofar Ran Da Fitilar Kasko

Duk baƙon da ya sauka Ƙofar Ran a birnin Bauchi, kabarin marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ake fara kai shi. Ni ma can na fara. Maginan wurin sun yi dabara: sai mutum ya ratsa wani dogon lungu mai duhu, watau misalin zamanin mulkin mallaka, kafin ya ɓullo fili inda kabarin yake. Da na fito la'asar ta yi sakaliya, na ce bari in kwana in ga yadda duhu na gaske yake sauka a unguwar.

Aka idar da magariba babu wutar lantarki. Masu shayi da masu tsire suka kunna fitilun caji da na sola, ba wanda ya ko ɗaga kai. A gidan da aka sauke ni kuwa, mahaifiyar maigidan ta sa aka ɗauko mini wani ɗan kasko na yumɓu wanda bakinsa ya yi baƙi ƙirin. Shi ne fitilar kakarta.

Aikinsa ba wuya. A zuba man kaɗanya ko na gyaɗa, a murza auduga ta zama lagwani, a jingina a bakin kaskon, a ɗebo wuta daga murhu. Amma fa man nan shi ne na miya. Saboda haka uwargida kan auna: tukunya za ta ci, ko fitila? Shi ya sa ake gama tuwo da ido, tatsuniya da wasan dandali kuma a bar wa farin wata. Almajiran tsangaya ba su shiga wannan lissafi ba, wutar kara da itace suke kewayewa da allunansu. Kyandir kayan kanti ne, talaka bai saba da shi ba.

Kananzir ya zo da aci-balbal ta gwangwani, mai cika hanci da hayaƙi, sannan fitilar ƙwai wadda har cikin kayan amarya ake jerawa. Aka kafa NEPA a 1972, aka yi zaton kwanan fitila ya ƙare. Ashe kananzir ɗin ne zai fi ƙarfin talaka tukuna.

Na ce, Inna, a gwada mana ita. Ta yi dariya, ta tsiyayo man gyaɗa cokali biyu kacal, ta mai da kwalbar ƙarƙashin gado. Hasken bai wuce tabarmar da muke zaune ba, jikokinta kuwa suka matso suna ɗaukar hotonsa da waya.