Birkin da Muke Jira

A gidanmu ba mu cika kiran sunan ciwon ba. "Abin nan ya tashi" muke cewa, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Auta tana da shekara 9 ranar da ya fara kayar da ita, a tsakar gida, dab da murhu. Har yau tabon ƙunar yana damtsenta na hagu. Mu yayyenta huɗu muka yi cirko-cirko, Inna tana salati, wata maƙwabciya tana ihun a sa mata cokali a baki kada ta haɗiye harshenta. Muka sa. Haƙorinta ɗaya ya gutsure. Sai bayan shekaru likita ya faɗa mana mai farfaɗiya ba ya haɗiye harshe, cokalin ne ya ji mata ciwo.

Mun bi duk hanyar da aka nuna mana. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an ce iska ce, an ce sammu ne. Daga baya muka nufi asibiti. Aka fara ba ta fenobabiton, ya riƙa sa ta gyangyaɗi a aji. Aka sauya zuwa kabamazafin, aka ƙara wani a kansa. Faɗuwar ta ragu amma ba ta tsaya ba. A nan likita ya ce idan magunguna biyu da suka dace sun gaza, alhali ana shan su yadda ya kamata, to farfaɗiyar ta zama mai bijire wa magani. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon haka suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Mun ji adadin, amma mu mutum ɗaya muka sani.

Wani dare ɗayanmu ya ci karo da labari a waya: a Amurka ana dasa wa masu irin wannan ciwo sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Muka zauna muka karanta tare, kowa yana fassara iyakar abin da ya gane. Babban yayanmu, wanda bakanike ne, shi ya warware mana. Ya ce ashe ƙwaƙwalwa ma tana da totur da birki. Akwai ƙwayoyin jijiya masu zuga saƙo, akwai masu tsawata musu ta hanyar sakin wani sinadari da ake kira GABA. Idan masu tsawatarwar suka yi ƙaranci a wani gefe, sai wutar ƙwaƙwalwa ta tashi gaba ɗaya babu mai taka mata birki. Faɗuwar ke nan.

A irin farfaɗiyar da ake gwajin a kanta, wurin da abin ke tasowa shi ne hifokamfas, wani ɗan sashe a can ciki ta wajen kunne, wanda kuma shi ke taimaka wa mutum ajiye abin da zai tuna. Tsohuwar hanya ita ce a yi tiyata a cire wurin ko a ƙona shi. Tana yi wa mutane da dama amfani, sai dai tana iya taɓa ƙarfin tunawa. Sabuwar dabarar ba ta cire komai, ƙari take yi.

A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka nuna cewa dasa irin waɗannan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu farfaɗiya yana rage faɗuwa ƙwarai. A 2020 aka yi wa wani zakin teku mai suna Cronutt dashen da ƙwayoyin da aka samo daga alade, ya kuma samu sauƙi. A 2022 kamfanin Neurona Therapeutics ya fara gwaji a jikin mutane, na farko a birnin Sirakus da ke jihar New York. Ana rainon ƙwayoyin ne a ɗakin bincike daga ƙwayoyin asali na ɗan tayi, a huda ƙaramar kafa a ƙoƙon kai, a zuba su da allura daidai wurin. Suna ɗaukar watanni kafin su nuna su haɗu da na wurin. Kamfanin ya ba da rahoton cewa mutum biyun farko faɗuwarsu ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari bayan shekara guda.

Mun yi murna, sannan muka dawo hayyacinmu. Gwaji ne, a kan mutane ƙalilan. Wanda aka yi wa sai ya shekara yana shan maganin danne garkuwar jiki don kada ta kore ƙwayoyin. Nau'i ɗaya na farfaɗiya aka nufa, mu kuwa hoton ƙwaƙwalwar da zai nuna irin na Auta ma har yanzu kuɗinsa muke tarawa. Inna ta ce batun ɗan tayin sai an tambayi malamai. Ba mu yi mata musu ba.

Da muka gama, Auta ba ta tambayi kashi nawa ba, ba ta tambayi kuɗi ba. Cewa ta yi, "Yaya, waɗanda aka yi wa, suna zuwa kasuwa su kaɗai?"

Shiru muka yi. Shekara 23 gare ta yanzu. Mu muka cire ta daga makaranta don gudun surutun mutane. Mu muka ware mata kofi da kwano, alhali yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwon. Mu muka ɓoye ta a ɗaki ranar da aka zo neman auren yayarta. Wannan duk ba hifokamfas ya yi ba.

Allurar San Faransisko tana iya daɗewa ba ta iso mu ba. Kafin nan mun koyi abin yi: mu janye wuta da ƙarfe daga kusa da ita, mu sa mata abu mai laushi a ƙarƙashin kai, mu juya ta gefe, kada mu sa komai a bakinta, mu duba agogo, in ya wuce minti 5 sai asibiti. Mun mayar da kofinta cikin na kowa. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ta je kasuwa sayen zare. Ɗayanmu ya bi ta daga nesa, ta kuma gan shi. Da ta dawo ta ce wani satin ya rage matsowa.