Sai da Muka Leƙa Ƙarƙashinta

A watan Yunin 2023, ina aji biyu na babbar sakandare, Yayana ya ƙudiri aniyar sayen mota. Ƙauyenmu yana cikin ƙaramar hukumar Tsanyawa. In ka taso daga Kano ta titin Katsina, ka wuce Bichi, sai ka bar kwalta ka hau burji, daga burji ka faɗa hanyar amalanke da ta ratsa gonakin gero da gyaɗa, ka tsallake wata 'yar ƙorama, sannan ka hango rumbunanmu. Da rani hanyar rairayi ce, da damina kuwa taɓo.

Ba don burga Yaya ya so motar ba. Matarsa tana da ciki, ana sa ran haihuwarta a watan Agusta, tsakiyar marka. Haihuwarta ta fari ta zo da gardama, a bayan babur aka kai ta asibiti cikin dare, kuma jaririn bai zo da rai ba. Tun daga ranar Yaya ya ce in Allah Ya yarda ba za a maimaita haka ba. Shekara huɗu yana tara ribar hatsin da yake kaiwa kasuwar Dawanau. Baba ya sayar da san da ya kiwata don kasuwar Babbar Sallah ya cika masa. Ni kuwa aka ce in raka shi birni, tunda ni ne mai karanta Turanci a gidan.

A wani filin sayar da motocin tokumbo a Kano muka gan ta. Baƙa ce wuluk, ƙirar Jamus, doguwa, tana sheƙi kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Kujerunta na fata ne, in ka rufe ƙofa ko hayaniyar titi ba ka ji. Abin mamaki, kuɗinta bai kai na wasu ƙananan motocin Japan da ke gefenta ba. Dillalin ya buɗe wa Yaya ƙofa ya ce, “Alhaji, wannan da ƙafa huɗu take ja. Daga Kanada ta zo. Motar da ta keta dusar ƙanƙara, me taɓon ƙauyenku zai yi mata?”

Wannan magana ta zauna a zuciyar Yaya, domin taɓon shi ne abin da ke hana shi barci. Nan take ya ba da kafin alƙalami, a kan gobe zai kawo ciko. In faɗa muku gaskiya, na fi shi murna. Kafin mu bar wurin har na tura wa abokaina hoton motar, ina ƙiyasta ranar da za a sauke ni a ƙofar makaranta kowa yana leƙe ta taga.

Amma wasu abubuwa uku sun tsaya mini a rai. Na farko, wata igiyar lantarki mai filogi da ke leƙowa ta gaban injin, alhali motar ta fetur ce. Na biyu, takardun gargaɗin da ke manne a jikinta da Turanci da Faransanci aka rubuta su. Na uku, a gefen kowace taya akwai zanen dutse mai tsini uku da wata alama kamar tauraro a cikinsa.

A Kurna muka kwana, gidan Kawu, ƙanin Innarmu, wanda ya shafe shekaru yana kanikanci a kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa. Da ya ji labari sai ya ce kada a ƙara ko kwabo sai ya gan ta a kan rami. Ni kuma na ari wayar Yaya na kwana ina bincike a intanet.

Igiyar nan, ashe ta ɗumama inji ce. A garuruwa irin su Winnipeg, inda sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, man inji yakan yi kauri har mota ta ƙi tashi, don haka sai a jona ta da wutar gida ta kwana tana ɗumi. Harsunan biyu kuwa su ne harsunan hukuma a Kanada. Alamar da ke jikin taya ta nuna tayar hunturu ce, mai roba mai taushi da ba ta sandarewa in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. A lardin Kebek doka ce ma a sa irinta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. To ka ɗora wannan roba mai taushi a kan kwaltar Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40: cinyewa za ta yi kamar sabulu a ruwa.

Na kuma fahimci abin da ake nufi da ja da ƙafa huɗu. Yawancin ƙananan motoci da tayoyi biyu suke ja, ko na gaba ko na baya, sauran biyun bi kawai suke yi. A kan ƙanƙara, inda titi ke santsi kamar an shafa masa karkashi, tayoyi biyun nan sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. In aka raba ƙarfin injin ga tayoyi huɗu, kowace tana ɗaukar kaɗan, wadda ta sami riƙo sai ta ja 'yan uwanta. Kamfanin Audi ya yi fice da wannan dabara tun da ya fito da quattro a 1980, Mercedes-Benz suna kiran tasu 4MATIC, BMW kuma xDrive. Ga mutumin da ke zaune a Toronto, mai shimfiɗaɗɗen titi da ƙanƙara ke rufewa wata da watanni, sayen irin wannan mota hankali ne. Ko shi ma, dabarar tana taimaka masa ya tashi ne, ba ta rage masa nisan tsayawa in ya taka birki. Tsayawa aikin taya ne.

Washegari aka hau da motar kan rami a garejin Kawu. Muka sauka ni da shi da tocila. Ƙasanta baƙi ƙirin, an fesa masa sabon fenti. Kawu bai ce komai ba, ya ɗauki sukundireba ya caka a jikin wani ƙarfe kusa da tayar baya. Sai ga ɓarɓashi ja yana zubowa kamar an fasa busasshen tuwo. Ya ƙara cakawa, bakin sukundireban ya shige. Ya haska mini wasu siraran bututu da suka bi ta gefe, duk sun kumbura sun yi ƙuraje. Ya ce, “Ka ga waɗannan? Su ke kai man birki. Ranar da ɗaya ya huje, ka taka birki sai ƙafarka ta tafi har ƙasa.” Sannan ya girgiza kai ya ce, “Haka motocin ƙasashen sanyi suke, sanyi ne ke cin su.”

Nan take na tuna da ajin kimiyyar sinadarai. Malaminmu ya taɓa sa ƙusoshi a kwalabe uku: ɗaya cikin ruwan rijiya, ɗaya cikin tafasasshen ruwa da aka rufe samansa da man gyaɗa don kada iska ta shiga, ɗaya kuma cikin ruwan gishiri. Bayan kwanaki, ta cikin tafasasshen ruwa tana nan fes, ta ruwan rijiya ta soma ja, ta ruwan gishiri kuwa ta fi kowace lalacewa. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa, gishiri kuma yana gaggauta aikin domin ruwan gishiri ya fi ruwa zalla iya ɗaukar lantarki. Shi dai wannan malami ya gaya mana cewa gishiri yana hana ruwa daskarewa da wuri, shi ya sa a Kanada da arewacin Amurka ake watsa miliyoyin tan nasa a tituna kowace shekara. Na ce, “Kawu, ba sanyin ba ne, gishirin da suke zubawa a titi ne. Taya tana fantsama shi ƙasan motar duk hunturu.” Ya dube ni ya ce, “Shekara nawa ina ganin abin nan, yau na ji dalilinsa.”

Na zaci magana ta ƙare, ashe da saura. Dillalin ya ce tsatsa ai aikin mai walda ne, kuma zai rage wani abu. Na ga fuskar Yaya, na san zuciyarsa tana wajen motar, kuma yana jin nauyin a ce ya ba da kafin alƙalami ya janye. Kawu ya faɗi tasa ya koma gefe, domin ba ya son a ce ya hana ɗan yayarsa abin da yake so. Saura ni, ƙaramin kowa, wanda aka ɗauko don karanta takarda kawai. Kun dai san yadda ake a gidajenmu, ƙane ba ya gyara wa yayansa magana a gaban mutane.

Na yi shiru har aka kira sallar Azahar. Kafin mu tafi masallaci na zaro rular da ke cikin akwatin lissafina, mai santimita 15, na durƙusa na gwada ta a ƙarƙashin motar. Ba ta iya tsayawa a miƙe ba. Da muka idar da sallah, muna sa takalma, na ce, “Yaya, don Allah in faɗi wata magana?”

Ya ce, “Kai ma ka zama bakanike ne?”

Na ce, “A'a. Tudun nan da ke tsakiyar hanyarmu, wanda tayoyin amalanke suka bari, ka tuna tsayinsa? Ya wuce taƙi ɗaya. Cikin motar nan bai kai tsawon rulata daga ƙasa ba. In ta hau tudun ta zauna a kansa, tayoyin nan huɗu a banza za su yi ta juyawa. Ranar da Anti za ta haihu, cikin dare ana ruwa, mutum nawa za su iya ɗaga ta?”

Bai amsa ba. Na ƙara da cewa tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuma babban inji mai jan ƙafa huɗu ya fi shan mai. Irin wannan mota tana son tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya, cinyewarsu ma kusan ɗaya, ba yadda muka saba ba, a sayi guda yau, guda bayan kaka. In kuma kwamfutarta ta kawo matsala, sai an jawo ta Kano. Dalilin arharta ke nan: masu kuɗin riƙe ta ba sa son tsohuwa, masu son tsohuwa kuma ba su da kuɗin riƙe ta.

Yaya ya janye. Rabin kafin alƙalamin ne kawai ya dawo. A motar hayar da ta ɗauko mu, daga Kano har Bichi bai ce mini uffan ba, ni kuma ina ta tunanin ko na jawo masa asara a banza. Da muka ba Baba labari, ya yi murmushi ya ce a zamaninsu Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna tun daga 1975 ita ce sarauniyar hanya, ba don kyau ba, sai don duk garin da ta mutu akwai mai tada ita.

Bayan mako biyu Yaya ya sayo tsohuwar Golf mai dogon baya, irin wadda ake haya da ita tsakanin garuruwanmu. Kawu ya shiga ƙarƙashinta kafin a biya, ya kuma ɗaga mata ƙafa. Abokaina sun yi mini dariya son ransu, har suka laƙaba mini “na Kanada”, sunan da ya bi ni har na gama makaranta.

Naƙudar ta zo cikin wani daren Agusta, ana yayyafi bayan ruwa mai ƙarfi. Kada ku ɗauka motar ta wuce salin-alin: ta kafe a bakin ƙorama. Amma ba ta da nauyi, ni da samari uku muka sa kafaɗa muka tura ta fita, laka har gwiwa. Kafin asuba an haifi 'ya mace a asibiti, uwa da jaririya lafiya.

Da gari ya waye Yaya ya miƙo mini makulli ya ce in wanke motar. Ina tsugune ina kankare taɓo, sai ya tsaya a kaina ya ce, “Rular nan taka tana nan?” Na ce tana nan. Ya ce, “To ka adana ta. In zan sake sayen wani abu, da kai za mu je.”