Sabon Zango na Ankara: Unguwar da Haƙƙin Baƙo Ya Gina

Duk wanda Allah Ya kai shi Ankara, babban birnin Gana, ya kamata ya ziyarci Sabon Zango. Mun isa can gab da Magariba, muka ji kiran salla ta kowace kusurwa, muka tarar da dattawa bakin masallaci suna hira da Hausa, kai ka ce Katsina muke.

Malam Bako ne ya kafa unguwar wajen 1912. Mahaifinsa, Malam Idrisu Neno, Bakatsine ne da ya zauna a tsohon zango na tsakiyar gari. Da saɓani ya shiga tsakanin shugabannin Musulmi, sai Malam Bako ya samu fili daga sarakunan ƙabilar Ga, ya ƙaura da jama'arsa, yana yanka wa mabiyansa fuloti.

Ginshiƙin zamansu shi ne karɓar baƙo. Falke ya sauka, maigida ya ba shi masauki, ya adana masa dukiyarsa, ya tsaya masa a ciniki. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardun zama, mutanen zanguna da yawa suka tashi, amma unguwar ba ta mutu ba, domin zumunci ne tubalinta.

To, ya ku 'yan kasuwa da ma'aikata masu gini a sababbin unguwanni, mun ɗaga katanga har ba mu san sunan maƙwabci ba, alhali Musulunci ya wajabta mana haƙƙinsa. Ran da gawa ta faɗi, wa zai ɗauka?

Allah Ya sa mu gyara, amin.