Gobararmu Ba Daga Kogi Ta Taso Ba



Hunturu ya kawo kai. Hazo ya fara sauka a Kumasi, leɓɓa sun fara tsagewa, katakon rufin ɗakunanmu ya bushe ƙayau. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo sai in tuna da wani dare na watan Janairun 2015, da wata magana da na faɗa da bakina kwana uku bayansa, wadda har yau nake jin nauyinta. Abu ne na cikin gida, saboda haka sai da na nemi izinin yayata da 'yarta kafin na zauna rubuta shi.

Gidan da muke ciki a lokacin irin gidajen hayar nan ne da kowa ya sani: ɗakuna goma sha huɗu sun kewaye tsakar gida ɗaya, ƙofar fita ɗaya ce tak. Wani bafataken goro ne ya gina shi, ya rasu ya bar wa magada, babbansu, wanda muke kira Alhaji, shi ke karɓar kuɗin haya. Wayoyin lantarkin gidan tun na mai ginin ne. Sa'ad da aka ja su, ƙwan fitila da rediyo kaɗai aka yi wa lissafi. A zamaninmu kuwa kowane ɗaki da firjinsa da dutsen guga da abin dafa ruwa. Sau uku 'yan haya suna gaya wa Alhaji cewa allon mita yana tartsatsi, ana jin warin roba. A na ukun ya aiko wani yaro, ya cire fis ɗin da ke yawan tsinkewa, ya ɗaura waya mai kauri a gurbinsa. Muka yi ta sa masa albarka, domin wuta ta daina yanke mana. Ba wanda ya san cewa aikin fis ke nan, ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Mun cire mai gadi muna murna.

Shekarar ce ɗaukewar wutar da ake kira dumsor ta fi tsanani. A daren an ɗauke wuta tun magariba, kowa ya kwanta ya bar kayansa a kunne. Wajen ƙarfe biyu aka dawo da ita, nauyin ɗakuna goma sha huɗu ya hau wayar lokaci guda. Wuta ta tashi a cikin silin, kuma silin ɗin katako ne a haɗe daga ɗaki zuwa ɗaki. Ɗakin yayata yana can ƙurya. Kafin ta farka wuta ta tare ƙofa, taga kuma ƙarfe ne aka kafa mata da siminti saboda ɓarayi. Da guduma da taɓarya samarin unguwa suka ɓalle shi. Kafin a fito da su, garwashi ya faɗo wa 'yarta mai shekara shida, rigar barcinta ta nailan ta kama ta manne mata daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Yaya da tafin hannunta ta kashe wutar, ita ma ta ƙone.

Mun daɗe muna guje-guje da bokitai kafin wani ya tuna a kira 'yan kwana-kwana, aka kuma tsaya tambayar lamba. Da suka iso, motarsu ta kasa shiga lungu, domin shaguna da rumfuna sun cinye hanya, sai daga bakin titi suka jawo mesa. Ita kuwa yarinya, kowa ya kawo abin da ya gada: ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja. Ni na ruga na buga wa mai shago ƙofa na karɓo ƙwan. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaye mu minti nawa muka yi muna zuba mata ruwa. Muka dubi juna. Sai da aka kankare duk abin da muka shafa kafin a ga ciwon, kuma ihun da yarinyar ta yi a lokacin ya fi wanda ta yi a cikin wutar.

Kwana na uku Alhaji ya zo jaje tare da dattawa, ya ajiye ambulan. Ƙanen mijin Yaya, malamin makaranta, ya ja ni gefe ya ce ya kamata mu nemi rahoton hukumar kashe gobara, mu ajiye rasidai, mu ɗauki hoton allon mitar kafin a gyara. Sai na ce masa: "Malam, ƙaddara ce, a bar wa Allah. Gobara daga kogi maganinta Allah. Ba za mu kai Musulmi ɗan uwanmu kotu a ƙasar mutane a yi mana dariya ba." Dattawa suka yaba mini, aka ce na yi hankali. Kuɗin ambulan bai kai mako biyu ba ya ƙare. Yaya ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta na aure.

Ciwo ya warke, amma ƙuna ba ta gama da yaro ranar da aka sallame shi. Tabon da ya ratsa gaɓa yana tsukewa, yaro yana girma shi ba ya bin sa. Kafin yarinyar ta cika shekara goma hannunta ya daina miƙewa, hijabinta ma sai an sa mata. Likita ya ce sai an yi aiki an saki fatar an dasa wata. Akwai masu wannan aiki a asibitin koyarwa na Komfo Anokye a nan Kumasi, da cibiyar ƙuna da gyaran fata ta Korle Bu a Akara, amma kuɗin ya fi ƙarfinmu. A 2019, shekara huɗu bayan gobarar, na kai kaina wurin lauya.

Abin da ya gaya mini shi nake so ku ji. Ya ce wanda sakacin wani ya jawo masa rauni yana da damar neman diyya: kuɗin magani, da ranakun aikin da ya rasa, da wahala da nakasar da ta same shi. Amma dokar ƙayyade lokacin shigar da ƙara ta 1972 ta ba mai rauni shekara uku ne kawai, saboda haka haƙƙin Yaya na hannayenta ya riga ya wuce. Ƙaramin yaro doka tana yi masa lissafi dabam, don haka ƙofar yarinyar ba ta rufe ba. Sai ya tambaye ni hujja. Ina rahoton gobara? Ina hoto? Ina rasidi? An taɓa rubuta wa mai gida koke a takarda? Ba ni da ko ɗaya. An sake rufin gidan, an jefar da allon mitar, rabin shaidu sun tashi. Ya kuma faɗa mini gaskiyar da ban so ji ba, cewa a ƙarƙashin dokar 1963 kotu tana rage diyya gwargwadon sakacin mai ƙara, mu kuma mun loda wa soket ɗaya kaya huɗu.

Na fito ofishinsa raina a jagule, na wuce wurin wani malaminmu da ke karantar da fiƙihu bayan la'asar, ina tsammanin zai ƙarfafa mini maganata ta farko. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka imani da ƙaddara yana ɗauke lamuni?" Ya tuna mini cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa da dare a Madina, kuma a kan haka Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ya ce a cikin Muhtasar na Halil, wanda malaman zango suka gada kaka da kakanni, an ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi har ta ci dukiyar wani. Sannan ya faɗi abin da ya hana ni barci: yafiya ta mai haƙƙi ce, kuma haƙƙin yarinyar ne. Ni da na yafe a madadinta don dattawa su yaba mini, kyauta na yi da abin da ba nawa ba.

A nan na gane cewa karin maganar da na jawo ba ta dace da mu ba. Gobara daga kogi ita ce wadda ta zo ta inda ba a zato. Tamu kuwa sau uku tana yin sallama. Haka kuma zancen "ƙasar mutane". A Kumasi aka haifi kakata, a nan aka binne ta. Muna biyan haraji, muna jefa ƙuri'a. Dokar da ta kare mutumin Bantama ita ce ta kare na Aboabo, mu ne muke janye jikinmu daga inuwarta da sunan rufin asiri.

Ba mu je kotu ba. Mun kai magana gaban mai unguwa da liman, aka kira magada. Dokar sasanci ta 2010 ta amince da hukuncin sulhun gargajiya idan ɓangarorin biyu sun yarda da kansu su shiga, ana kuma iya kai shi kotu a yi masa rajista. Wannan karon mun rubuta komai, kowa ya sa hannu. Alhaji ya yi shiru mai tsawo sa'ad da yarinyar ta yi ƙoƙarin miƙa masa hannu ta kasa. Magada suka ɗauki fiye da rabin kuɗin aikin, suka kuma yarda a sake wa gidan wayoyi gaba ɗaya. Zumuncin da na ji tsoron ɓatawa bai ɓaci ba, har yau muna sallah sahu ɗaya da shi.

Ga abin da na koya da tsada. Kada a bar kowa ya taɓa wayar gida sai mai lasisin hukumar makamashi, kamar yadda ƙa'idar 2011 ta tanada, kuma fis ɗin da ke yawan tsinkewa magana yake yi. Idan aka ɗauke wuta, a kashe komai a cire daga soket kafin a kwanta. Kyandir da maganin sauro mai hayaƙi a ɗora su a faranti nesa da katifa da labule. Kurfoti kada ya kwana a ɗaki komai sanyi, domin hayaƙin gawayi yana kashe mai barci ba tare da ya ji wari ba. Tukunyar gas a ajiye ta inda iska ke ratsawa, a gwada bakinta da tiyonta da ruwan sabulu. In an ji wari a rufe ta, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, domin gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa. Man suya in ya kama, a rufe shi da murfi, ruwa watsa shi yake yi. Kowane ɗaki a sa wa taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa, makullinsa a rataye kusa. A koya wa yara cewa cikin hayaƙi rarrafe ake yi, kuma wanda rigarsa ta kama ya kwanta ya yi birgima, kada ya ruga. Lambar kuwa 192 ce ko 112, a kira kafin a ɗauki bokiti.

In ƙuna ta auku, ruwan famfo mai sanyi na minti 20 shi ne magani na farko. Ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, ban da mai. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada a fizge tufar da ta manne, kada a fasa ƙurji, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙunar fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko wadda ta fi tafin hannun mai ciwon faɗi, ta asibiti ce. Bayan nan a nemi rahoton hukumar kashe gobara da na likita, a ɗauki hotuna, a adana kowane rasidi, a rubuta sunayen shaidu. Wanda ya ƙone a wurin aiki, a gidan burodi ko gareji ko gidan abinci, dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ta ɗora wa mai aikin nauyi, ofishin ƙwadago ne ke bin maganar. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar taimakon shari'a da dokar 2018 ta kafa. Tara hujja ba ya tilasta maka kai ƙara. Mai takarda a hannu in ya ga dama ya yafe, in ya ga dama ya yi sulhu, wanda ba shi da ita kuwa sai abin da aka ba shi.

Mun ga yadda kasuwar Kantamanto ta ƙone a Janairun 2025, muka ga ta Adum a watan Maris, muka yi ta jaje a waya. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin da aka ce ka yi wa naka. Ina roƙon limamai su sa wannan a huɗubar hunturu, masu unguwanni su zagaya lunguna su tambayi kansu ta ina mota za ta shigo, 'yan haya kuma su rubuta kokensu su ajiye kwafi.

Yarinyar yanzu ta zama budurwa, tana sakandare, hannun yana miƙewa ko da yake bai kai ɗayan ba. Da na nemi izininta ta ce, "Kawu, ka rubuta, amma ka faɗa musu zancen ruwan." To, na faɗa. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, ya ba masu jinya lafiya, amin.