Tamantit: Garin Da Aka Rushe Majami'ar Yahudawa

Tamantit wani ƙaramin gari ne mai yawan dabino a yankin Tuwat, cikin Saharar Aljeriya, kan tsohuwar hanyar fatake zuwa Tambutu. A zamanin da, Yahudawa sun zauna cikinsa suna fatauci, har da majami'arsu. A 1447 wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya tarar da su cikin wadata.

Wajen 1492 sai Shehu Magili ya ba da fatawar a rushe majami'ar. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al-Asnuni, ya ƙi amincewa, amma aka rushe ta, aka kashe waɗansu, saura suka watse.

Shehu Magilin nan kuwa shi ne ya baƙunci Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Yau Yahudawan Tamantit sai a tarihi.