Kayan Asiya a Kasuwannin Paraku da Jugu

Tun zamanin kaka da kakanni fatake ke bin wannan hanya tamu. Daga Kano sukan biyo ta Nikki, su yada zango a Jugu, wadda Hausawa ke kira Zugu, kafin su zarce Salaga sayen goro. Kanwa da fatu da tufafi su ne kayan hanya a lokacin. Yau kuwa idan muka tashi daga Bariyenu za mu cefane a gari, da wuya mu komo babu kayan Asiya a buhunmu.

Mu fara da Paraku. Duk wanda ya shiga kasuwar Arzeke ya tsaya ya karanta rubutun da ke jikin buhunan shinkafa, zai ga Indiya ce ko Tailan. Ganyen shayin da samari ke dafawa a bakin titi daga Sin yake zuwa, haka ma tumatirin gwangwani da yawa. Farin magi, wato Ajinomoto, a Japan aka fara sayar da shi a 1909. Taliyar Indomie asalinta Indunisiya, ko da yake a Nijeriya ake yin wadda muke ci.

Shinkafa da shayi ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke shigowa. Titin jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 438 ya iso Paraku a 1936, amma yanzu manyan motoci ne ke hawowa da kaya. Ba mu kaɗai ake kawo wa ba, don mafi yawan shinkafar maƙwabta ake nufi da ita. Shi ya sa da Nijeriya ta rufe iyakarta a Agustan 2019, 'yan kasuwarmu suka ji a jikinsu. Haka aka sake yi a 2023 da aka rufe gadar Malanbil da ke kai wa Nijar.

To, bayan cefane sai ciki. A nan ne ƙasa ke nuna nata. A rumfunan masu abinci na Jugu za a kirɓa maka sakwara a gabanka, a zuba miyar gyaɗa, a ɗora wagashi, cukun nan na matan Fulani da ake rinawa da karan dafi. Akwai wasa-wasa ta garin doya. Da yamma ga masu tsire, wanda a nan ake ce wa cacanga. Ga kuma awara. Waken suya daga Sin ya samo asali, amma manomanmu ke shuka shi, matanmu ke sarrafa shi, kuɗin kuma a gida yake tsayawa. Wannan baƙo ya zama ɗan gari.

Inda gizo ke saƙa shi ne kashu. Shekaru da dama ana ɗibar na gonakin Bariyenu da kewaye ɗanyensa a kai Indiya da Biyetnam, can a fasa, a gyara, a ci ribar. Mu sayar da arha, mu sayi shinkafarsu da tsada. A Afrilun 2024 gwamnati ta hana fitar da ɗanyen kashu da waken suya don a riƙa sarrafa su a gida. Manomi dai abin da yake dubawa shi ne farashin da za a ba shi a bakin gona.

Ba mu ce a ƙaurace wa kayan baƙi ba, mu ma muna shan shayin. Amma mai karatu, in ka je kasuwa ka tambayi shinkafar Malanbil, ka sayi daddawar kalwa wajen tsohuwar da ke kasa ta. Kwanon da ka saya, da shi za ta biya wa jikanta kuɗin littafi.