Ɗalibin Gida da Zaɓen Sana'a: Inda Ƙauna ke Taƙaita Gani

A Amurka, karantar da yara a gida maimakon kai su makaranta abu ne da doka ta amince da shi a dukkan jihohi 50 tun shekarar 1993. Alƙaluman gwamnatin ƙasar sun nuna cewa adadin irin waɗannan ɗalibai ya tashi daga kimanin 850,000 a 1999 zuwa kimanin miliyan 1.7 a 2016. Iyaye da dama kan iya da koyar da karatu da lissafi har yaro ya kai matakin sakandare. Daga nan ne tambaya mai nauyi kan ɓullo: wace sana'a zai kama, kuma wa zai nuna masa hanya?

A makaranta akwai jami'in ba da shawara, akwai ranar baje kolin sana'o'i, ga kuma abokan aji waɗanda iyayensu ke ayyuka iri-iri. Ɗalibin gida kuwa, sau da yawa mahaifiyarsa ce malamarsa, ita ce kuma mai ba shi shawara. Ta fi kowa saninsa, amma ayyukan da ta sani ba su wuce waɗanda rayuwarta ta ratsa ba. Idan ma'aikaciyar jinya ce da ta ajiye aiki domin 'ya'yanta, za ta yi ta ambaton asibiti ba tare da ta ankara ba. Shi kuma yaron, don gudun ɓata mata rai, sai ya ɗauki burinta ya mayar nasa, ba zai gane kuskuren ba sai an kashe shekaru da kuɗin jami'a.

Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin ba da shawara kan sana'a a birnin Boston a 1908, ya kasa aikin gida uku: mutum ya san kansa, ya san sana'o'i, sannan ya auna dacewar biyun. Mataki na farko yana yiwuwa a cikin gida. Rabe-raben John Holland na ɗabi'u shida na taimakawa a nan: mai aikin hannu, mai bincike, mai ƙirƙira, mai hidimar jama'a, mai jagoranci da kasuwanci, da mai tsari da ajiyar bayanai. Sai dai gwajin takarda ishara ce kawai.

Mataki na biyu shi ne wanda ɗaki ba ya iya ɗauka. Kundin sana'o'in da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ke fitarwa tun 1949 yana bayyana albashi da karatun da kowane aiki ke buƙata, amma ba ya sanar da yaro ƙarar injin ko gajiyar tsayuwar awa takwas. Gani ya kori ji. Saboda haka uwa mai hangen nesa kan yi amfani da abin da ɗalibin gida ya fi sauran ɗalibai da shi, wato lokaci. Yana iya wuni da likitan dabbobi a ranar da tsaransa ke aji, ko ya ɗauki darasi a kwalejin yankinsu tun bai gama sakandare ba, ko ya kama ɗan aiki, tunda dokar ƙwadago ta 1938 ta ba mai shekara 14 damar yin wasu ayyuka na taƙaitattun awoyi. Ko da ya dawo yana cewa aikin bai yi masa ba, an samu riba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga koyon sana'a a gida. Maƙera da dukawa da wanzamai a gaban iyayensu suka koya, har ake cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Amma shi ma, idan ya ga hankalin yaro ya karkata ga ɗinki ko kanikanci, yakan kama hannunsa ya damƙa shi ga wani maigida. Wannan damƙawar ita ce darasin da ya fi wa iyaye wuya. Uwar da ta koya wa ɗanta baƙi da wasali za ta san aikinta ya yi kyau ranar da ya zaɓi sana'ar da ita ba ta taɓa sani ba, ya kawo hujjojinsa, ita kuma ta sa masa albarka.